Mota Goma a Filin Baba Mode

Muntasir bai ɓoye wa Raudatu ba, tsoro yake ji. Ya faɗa mata haka ne bayan la'asar, a kan bencin ƙofar gidan su Raudatu da ke Rikoto, a garin Zuru, yana rungume da fayil ɗinsa kamar za a ƙwace. Ya ce yau kwana ashirin da uku ke nan yana kwanciya da tsoron yana tashi da shi: tsoron kada wata ya ƙare filin mahaifinta yana nan fayau, a saurari maganar Abdulrashid, ɗayan mai nemanta, shi kuma a aiko masa da katin gayyata.

Raudatu ta tambaye shi ko zai halarci ɗaurin auren idan katin ya zo.

Maimakon ya rantse, sai ya tsaya yana nazari, domin shi mutum ne da ba ya amsa tambaya sai ya juya ta gaba da baya. Daga bisani ya ce idan ya ƙi zuwa za a ce ba shi da tarbiyya, idan kuma ya je yana jin zai faɗi a tsakiyar masallaci.

Nan take hawaye suka zubo mata.

"Shekara biyu kana zuwa ƙofar nan, Yaya Muntasir. Na sallami kowa saboda kai. Yau na tambaye ka ko za ka je ɗaurin aurena da wani, ka tsaya kana auna tarbiyya."

"Ki yi haƙuri, Raudatu. Ban ce zan je ba. Cewa na yi al'amarin yana da fuska biyu."

"To ni fuska ɗaya gare ni, ga ta nan ta jiƙe."

Ya miƙa mata hankicinsa mai ninki huɗu. Ta karɓa ba tare da ta dube shi ba.

Baba Mode, mahaifin Raudatu, bai taɓa cewa yana ƙin Muntasir ba. Abin da yake cewa shi ne bai gane shi ba. Shi a zamaninsa, kafin a ba shi Adama, mahaifiyar Raudatu, sai da ya yi golmo, wato noman da saurayi yake yi wa surukinsa bisa al'adar ƙasar Zuru, shekara bakwai cur da garma a kafaɗa. Gonar da ya yi wa wannan wahala ita surukin ya bar musu, tana bakin hanyar fita gari. Ya ci gaba da noma ta har gwiwoyinsa suka gaji, 'ya'yansa maza biyu suka shiga soja, gari kuma ya matso ya kewaye ta, awakin maƙwabta suka zama su ne masu girbin farko.

Da ya ga manyan motocin da ke zuwa ɗaukar hatsi daga Dirin Daji da Wasagu suna kwana a gefen titi, ana sace musu batir ana zuƙe musu mai, sai ya sayar da shanun nomansa biyu, ya kewaye gonar da bulo, ya sa mata ƙofar ƙarfe, ya ce daga yau ta zama garejin haya.

Wata biyar babu motar da ta leƙo.

A cikin wannan ɓacin rai ne kawun Muntasir ya je neman izini. Baba Mode ya saurare shi har ƙarshe, ya ji yaro yana da difiloma a fannin kasuwanci, ba ya shan komai, ba ya faɗa da kowa. Sannan ya ce shi bakwai ya yi da garma, amma tunda zamani ya canza, wata ɗaya ya ba mai difiloma. Mota goma su kwana a filin, ya ga ƙarfe da idonsa, sai a zo a yi maganar sadaki. Idan watan ya ƙare babu su, to akwai Abdulrashid, mai tirela uku, wanda ya daɗe yana aiko da gaisuwa da buhun shinkafa. Ba zai yi wa ɗiyarsa dole ba, in ji shi, malamar makaranta ce mai hankalinta, amma shi ma babu mai yi masa dole ya ba da ita ga wanda takardarsa ba ta iya kiran ko mota ɗaya.

Muntasir ya ɗauki aikin yadda ya ɗauki jarrabawarsa ta ƙarshe. Ya zana taswirar filin, ya raba shi gida ashirin, kowane gida da lambarsa. Ya sa aka rubuta allo aka kafa a bakin titi. Ya tsara fom mai shafi uku, da wurin liƙa hoton fasfo biyu, da wurin rubuta sunan wanda za a nema idan wani abu ya faru. Wannan layin ya sa wani direba ya tambaye shi ko mota za su ajiye ko wasiyya za su bari, amma dai ya karɓa.

Kowa ma karɓa yake yi. Kullum da safe Muntasir yana bin jerin motocin gefen titi, ya yi sallama, ya yi bayanin katanga da ƙofa da mai gadin da za a ɗauka. Direba ya sa hannu biyu ya amshi fom, ya yaba wa Baba Mode, ya ce ba komai, za su zo. Muntasir ya koma gefe ya rubuta sunansa.

Yanzu ma takardar sunayen ya zaro ya nuna wa Raudatu, don ta san ba zaune yake ba. Mutum ashirin da bakwai, kowa ya yi alkawari.

Ta tambaye shi nawa ne suka kwana a ciki.

Ya ce wannan shi ne ɓangaren da har yanzu bai fahimta ba.

Raudatu ta share idonta ta dube shi da tausayin da ya fi masa faɗa ciwo. Ta ce gobe ya je wurin Maman Joel, mai tuwon da direbobi suke ci a bakin titi, ƙawar innarta ce tun suna 'yan mata. Direba ba ya faɗa wa mai fayil abin da ke cikinsa, amma idan kwano yana gabansa bakinsa yana sakewa.

Washegari da hantsi ya je. Abu na farko da ya gani a rumfar shi ne shafi na biyu na fom ɗinsa, an naɗe ƙosai da shi. Shafi na uku yana ƙarƙashin ƙafar tebur. Ya kawar da kai, ya durƙusa ya gaishe ta.

Maman Joel mace ce mai faɗin kafaɗa da dariya mai nisa. Ta ce dama tana jiran ranar da zai gaji da rabon takarda ya zo, kuma ta gode, takardarsa tana da kauri, ba ta ɗigar mai. Ta zaunar da shi kusa da wani dattijon direba mai furfura, Lawwali, mutumin Jega, wanda ya shekara talatin yana jan hatsi a wannan hanya. Ta cire wa Lawwali kwanon miya daga gabansa, ta ce ba za ta mayar ba sai ya faɗa wa yaron nan abin da suke faɗa a nan kullum.

Lawwali ya dubi kwanon, ya dubi Muntasir, ya suɗe yatsunsa.

"Yaro, hilin ga gona ce. Mota mai buhu ɗari shidda in ta shiga, sai dai a yi mata ban-ruwa a jira ta tsiro."

Muntasir ya ce bai gane ba. Lawwali ya yi masa bayani a hankali. Ƙasar da aka shekara arba'in ana zuba wa taki ana kaftu, ga damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, sama ta bushe amma ƙasa tana nan kamar kunu. Kowane direba da ya leƙa ta ƙofar ya ga haka tun ranar farko. Katangar suna sonta, domin ko makon jiya an kwance wa wani batir biyu yana barci a ƙarƙashin motarsa. Amma babu mai kai motar ubangidansa kabari don yana tsoron ɓarawon batir.

Muntasir ya tambaya me ya sa a cikin mutum ashirin da bakwai babu wanda ya faɗa masa.

Lawwali ya ce ai idan sun faɗa masa zai kai wa dattijon. Wa zai so a ce daga bakinsa aka ji ƙasar Mode ba ta yi ba? Kowa ya san shekara bakwai ya yi a kanta kafin ya ga fuskar matarsa da kyau. Ga shi dattijon yana zuwa da safe ya gaishe su, har ya kawo musu dafaffiyar gyaɗa. Gara a karɓi takarda a ce za a zo.

Maman Joel ta mayar masa da miyarsa.

Daga rumfar, Muntasir bai zarce gida ba. Ya biya ta wurin wani mai walda ya ari guntun rodi, ya nufi filin. Bai yarda da magana ba sai ya gwada. A bakin ƙofa ya danna rodin, ya shige kamar a cikin tuwo, har hannunsa ya taɓa ƙasa. Ya ƙirga taku goma ya sake dannawa. Haka. Yana tafiya yana rubutawa, gumi yana ɗiga a kan taswirarsa mai gida ashirin, har ya iso ga wata doguwar zana da aka gitta daga wannan katanga zuwa waccan, wadda tun farko Baba Mode ya ce masa babu komai a bayanta.

Ya ɗaga gefen zanar ya shiga.

Wuri ne mai faɗi, zai kai sulusin filin, jan fako mai marmara, babu ko ciyawa. Awaki huɗu suna ɗaure a inuwar katanga. Ya ɗaga rodin ya danna da ƙarfin da ya saba, ƙarfen ya yi tsalle ya dawo, zafin ya tafi har kafaɗarsa. Ya gwada wuri shida, ko'ina haka. Da ya taka dutse ya leƙa ta kan katangar baya, sai ga tsohuwar hanyar da tifofi suke bi zuwa ɗiban tsakuwa, shimfiɗe, tana gangarawa ta haɗu da babban titi.

Ya sauko ya fara lissafin motocin da wurin zai ɗauka.

"Kai, mai takarda, mi kake nema a bayan zana?"

Baba Mode ne, da sandarsa, fuskarsa kamar ta wanda aka shigar masa ɗaki ba sallama. Ya kama hannun Muntasir ya fito da shi, ya gyara zanar da kansa. Ya ce wannan wurin ba na nuna wa baƙo ba ne. Shekara arba'in ya yi yana fama da shi, ko ƙaya ta ƙi fitowa, surukinsa ma da ciwon wurin ya rasu. Ya rufe shi ne don kada direbobi su gani su raina filin.

Bai saki hannun ba sai da ya kai shi bakin ƙofa. Can ya sunkuya da ƙyar, ya ɗebo ƙasa baƙa ƙirin, ya murza ta a tafinsa, ya kai hanci.

"Duba nan. Shi ya sa na sa ƙofa a nan, don baƙo ya fara taka mai kyau. Ka taɓa ganin ƙasa irin wannan a makarantarku?"

Muntasir ya dubi ƙasar, ya dubi idanun dattijon da suke ƙyalli. Duk jimlolin da ya tsara a bayan zana suka ɓace masa. Ya buɗe baki.

"Gaskiya ƙasa ta yi kyau, Baba."

A hanyar gida ne ya fahimci cewa ya zama na ashirin da takwas a masu ɓoye wa Baba gaskiya.

Da ya ba Raudatu labari da yamma, ta fara da dariya ta ƙare da kuka. Ta ce ita ta rasa wane irin gari ne wannan, maza masu jan tirela da maza masu difiloma duk sun taru suna tsoron ɓata ran tsoho ɗaya, ita kuwa nata ran ko oho. Ya ce ba tsoro ba ne kaɗai, akwai nauyi. Ta ce nauyin nan idan ya ci gaba da ɗaukarsa, shi ne zai raka shi ɗaurin aurenta.

Sannan ta ba shi nata labarin. Abdulrashid ya aiko cewa jibi Alhamis zai shigo da sabuwar motarsa filin, da lodinta na dawa, da kansa zai tuƙo, don Baba ya ga bambancin mai ƙarfe da mai biro.

Muntasir ya miƙe tsaye. Ya ce dole a gargaɗe shi.

"Ka zauna, Yaya Muntasir. Ka bar shi ya shiga."

"Dawar mutane ce a kai, Raudatu. Kuma ƙofar ɗaya ce."

"Allah ya kawo maka sauƙi har gida, kai kuma za ka je ka tare shi a hanya ka ce ya koma."

Ya ce ba zai iya barci da sanin abin da ya sani ba. Ta ce ita ma ba ta barci, amma babu wanda ya taɓa tashi tsaye saboda haka. Ta shige gida da hankicinsa.

Ya sami Abdulrashid washegari a wurin wankin mota, yana zaune a kan kujerar roba yana juya makullai a yatsa. Saurayi ne kyakkyawa mai tsadar turare, wanda ya gaji motoci daga mahaifinsa amma bai gaji zaman cikinsu ba, direbobi ne suke ja masa. Ya tarbi Muntasir da sunan da ya laƙaba masa, Difiloma, ya tambaye shi ko fom ya kawo.

Muntasir ya zaro takardar awonsa, ya nuna masa zurfin da rodi ya shiga a kowane taku goma. Ya roƙe shi, idan ma lallai sai ya shiga, ya sauke lodin tukuna.

Abdulrashid ya saurara har ƙarshe yana murmushi. Ya ce wallahi bai san 'yan boko sun iya dabara haka ba. Wato ya tsorata ya fasa, wata ya ƙare babu motar kowa a ciki, a ce an yi canjaras. Ya ce ya gaishe da rodin.

Ranar Alhamis da hantsi Baba Mode ya saka farar babbar rigarsa ta Juma'a, ya buɗe ƙofar da kansa. Maƙwabta suka taru. Inna Adama da Raudatu suka tsaya can gefe da mayafansu. Direbobin gefen titi ma suka zo, su wajen goma sha biyar, suka jeru a jikin katanga hannuwa a baya, shiru, kamar masu jiran a fito da gawa. Maman Joel ta rufe tukunyarta ta biyo su, ta ce wannan ba abin da za a ba ta labari ba ne.

Motar ta taho tana ƙyalli, hon ɗinta yana waƙa, buhunan dawa an ɗaure su da tamfol sabo. Abdulrashid ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu. Kan motar ya shiga lafiya. Tayoyin tsakiya suka shiga. Baba Mode ya juyo ya dubi Muntasir, duban da ke cewa ka gani ko.

Sai motar ta tsaya, kamar ta tuna wani abu.

Abdulrashid ya taka mai. Tayoyin baya suka juya a wuri ɗaya, suka yi wa taron feshin baƙar laka, kaso mafi tsoka ya sauka a kan farar riga. Direbobi suka ɗaga hannu gaba ɗaya suna ce masa ya saki, shi kuwa ya ɗauka kirari suke masa, ya ƙara takawa. A hankali, cikin natsuwa, motar ta durƙusa kamar raƙumi, cikinta ya kwanta a ƙasa, gindinta ya cike ƙofar daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Ko akuya sai ta karkace kafin ta wuce.

Injin ya mutu. Aka ji kukan tsuntsaye.

Abdulrashid ya sauko, takalminsa ya nutse, ya zaro ƙafa babu shi. Duk da haka bai rasa abin faɗa ba. Ya ce wa Baba ya cika alkawari, ga mota ta shiga, kuma za ta kwana. Lawwali ya ce daga jikin katanga, lallai za ta kwana, za ta kuma yini, domin kafin a sauke buhu ɗari shida a samo abin da zai ja ta, mako guda ya wuce.

Mako guda. Muntasir ya ƙirga a yatsunsa. Kwana huɗu suka rage masa, kuma ƙofar da babu mai son shiga ma yanzu ta toshe.

Baba Mode ya kewaya motar yana goge laka daga gemunsa. Ya tsaya a kan tayoyin baya ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce tayoyin ne, an cika musu iska da yawa. Ya juya ga direbobin ya tambaye su ko ba haka ba ne.

Goma sha biyar ɗin nan suka dubi ƙasa. Wani ya ce akwai alamar haka. Wani ya ce tayoyin zamani sai a hankali.

"Kai fa, mai takarda? Mi takardarka ta ce?"

Muntasir ya ji duk idanun wurin sun dawo kansa. Bai juya wajen Raudatu ba, amma ya san inda take tsaye kamar yadda mutum yake sanin inda rana take. Ya matso, ya durƙusa a cikin lakar da wandonsa mai guga.

"Baba, ka gafarce ni. Ba tayoyi ba ne. Ƙasar ce."

Wani direba ya ja numfashi. Maman Joel ta ɗora hannu a ka.

Muntasir ya ci gaba da sauri, kafin ƙarfin halinsa ya ƙare. Ya ce bai ce ƙasar ba ta da kyau ba, kyawunta ne ya kawo haka. Taushin da saiwar dawa take nema shi taya take gudu. Babu gonar da ta kai wannan a Rikoto, shi ya sa babu garejin da ya kai shi haɗari. Amma a bayan zana akwai wurin da mota goma za su kwana ko a tsakiyar damina, ga hanyar tifofi a bayan katanga. Ƙofa kawai wurin yake bukata.

Fuskar Baba Mode ta canza sau biyu, ta ƙare a kan wadda Muntasir bai taɓa gani ba. Ba fushi ba ne kaɗai, akwai ciwo a ciki.

"Wurin awaki? Shekara arba'in ina ɓoye wurin nan, yau ka tona shi a gaban jama'a, ka ce in kai baƙina can?"

Lawwali ne ya bar jikin katanga, ya raɓa ta gefen motar, ya taka har wurin zanar ya ɗaga ta ya shige. Wani direba mai suna Abel ya bi shi. Aka ji suna buga ƙafa, aka ji an jefa dutse ya yi ƙara. Da suka dawo, Lawwali ya cire hularsa a gaban Baba Mode. Ya nemi gafarar shirun da suka yi wata biyar. Ya ce a duk hanyar nan bai ga wurin ajiye mota irin bayan zanar can ba, kuma ga shaidu, ranar da aka buɗe ƙofa a can, shi da abokan tafiyarsa shida za su kwana a ciki. Abel ya ce shi da ƙaninsa, biyu.

Leɓunan Muntasir suka motsa. Bakwai da biyu. Ya sake haɗawa ko zai fito daban. Ya ce a hankali, tara ne, saura ɗaya.

Muryar Raudatu ta fito daga bayan mayafi, a ladabce, tana kallon ƙasa.

"Baba cewa ya yi mota goma su kwana a fili. Bai ce ta wane ba."

Kowa ya juya ya dubi motar da ke durƙushe a ƙofa. Maman Joel ce ta fara, dariyar ta bi jikin katanga ta kama direbobi ɗaya bayan ɗaya. Abdulrashid, da takalmi ɗaya, ya rantse cewa yau ɗin nan zai fitar da motarsa, ba zai yi wa kowa cikon goma ba. Lawwali ya ce Allah ya ba da sa'a, su dai duk motocinsu da lodi, babu mai iya ja.

Baba Mode bai yi dariya ba. Ya buga sandarsa a ƙasa, ta nutse, ya zaro ta da haushi. Ya ce katangar nan shanunsa biyu ne a tsaye, kowane bulo ya san shi, kuma babu mahalukin da zai taɓa ta don a kai mutane fako. Ya juya musu baya, ya tsaya yana kallon baƙar ƙasarsa da tayoyi suka yi wa kaca-kaca.

Dariyar ta mutu. Inna Adama ta kama hannun ɗiyarta, wadda hawaye suka sake cika wa ido. Direbobin suka fara gyara huluna, alamar za su koma gefen titi.

Muntasir yana durƙushe har yanzu. Ya auna maganar gaba da baya yadda ya saba, ya ga wannan karon ko ta ina ya juya ta abu ɗaya take nuna masa. Ya miƙe, laka tana zuba daga gwiwoyinsa. Muryarsa ta kai har bakin titi.

"Baba, ban taɓa saɓa maka ba, kuma ina neman gafararka tun yanzu. Gobe bayan sallar asuba zan zo da guduma in fasa katangar baya, faɗin mota biyu. Ginshiƙan ni zan gina su da hannuna. Idan za ka hana ni, a gindin katangar za ka same ni."